Kofin fafe da na haɗa wa Inna a goman ƙarshe

Kofin farko da ya shigo gidanmu ba ni na saye shi ba. Ƙanwar maigidana ce ta zo da shi ranar uku ga azumin 2024, ta ƙunso shi a leda da ƙanƙara, ta ce a ajiye wa Inna ta sha ruwa da shi. Dogon kofin roba ne mai murfi, ana hango abin da ke ciki hawa-hawa: fari a ƙasa, ja a kansa, wani farin kuma, can sama barbaɗi mai ruwan ƙasa. A jikin kofin an rubuta parfait, amma a baki fafe ake cewa. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta abin da ya cika babu tawaya. A Faransa sunan wani daskararren kayan zaƙi ne na kirim da ƙwai da sukari. Jera shi hawa-hawa a dogon kofi kuwa a Amurka aka saba da shi, kuma wannan samfurin ne ya iso shagunanmu na Kano.

Inna ita ce mahaifiyar maigidana, shekararmu shida a gida ɗaya. Tun da aka ɗauki azumin ba ta cin abin kirki. Dabino ɗaya, kurɓi biyu na kunun tsamiya, sai ta ture kwanon ƙosai gefe ta ce zafi ya toshe mata ciki. Duk wanda ya yi azumin shekarar a Kano ya san irin zafin da nake nufi, wanda ko da daddare bangon ɗaki huci yake yi. A ranar nan kuwa sai da ta ci rabin kofin kafin ta miƙo mini saura. Na tona da cokali na tarar ta tsince tuffar ta tara a gefe guda saboda haƙori. Tuffa ce da inabi kaɗai a ciki. Na daɗe ina juya abin a raina. Tuffar nan da yawanta daga Afirka ta Kudu ake yo jigilarta, ga tsada ga tauri, alhali mangwaro ya fara shigowa gari, gwanda da ayaba da abarba kuwa ga su nan a baro a bakin titinmu. Na ƙudurta zan haɗa mata nata da kayan da bakinta ya sani.

Bayan kwana biyu na yi gwajin farko, kuma bai yi ba. Na sayi yogot na shago mai zaƙi, na yanka abarba da gwanda da ayaba da kankana, na jera su a kofuna tun bayan azahar don in sami sararin suya da yamma. Na sa a firij na rufe. Da aka kira sallah na ɗauko, abin da na gani ya sanyaya mini jiki. Hawan da na jera duk sun rushe, wani ruwa rawaya-rawaya ya kwanta a ƙasan kofi, barbaɗin gyaɗar da na yi a sama ya jiƙe ya yi laushi. Inna ta kai cokali ɗaya baki, ta ɗan yi jim, ta ce, “'Yar nan, magani kika sa a ciki?” Na ɗanɗana. Ɗaci ne mai kama maƙogwaro, irin na ƙwayar magani idan ta narke a harshe. Kofi shida na zubar a daren. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda a cikin azumi ne, kuma abinci ne da aka sayo da kuɗi.

Na ɗauka yogot ɗin ne ya lalace. Autan Inna, wanda ya karanci kimiyyar abinci a jami'a, shi ya warware mini da ya zo shan ruwa washegari. Yana jin na ambaci abarba ya ce, “Anti, ɗanya kika sa? Kuma tun da rana?” Ya ce a cikin ɗanyar abarba akwai wani sinadari da ake kira buromelin, aikinsa yayyanka furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki. Shi ne ke sa harshe ya riƙa ƙaiƙayi idan an ci abarba da yawa. Idan ya haɗu da furotin na madara, sai ya yi ta datsa shi ƙanana-ƙanana, waɗannan gutsattsarin su ne masu ɗacin, kuma da zarar an datse su yogot ba ya iya riƙe ruwansa, sai ya tsinke. Gwanda ma tana da irin nata, fafayin, ya fi yawa a ɗanyarta da ƙaronta, yana raguwa idan ta nuna. Sanyin firij yana rage masa hanzari ne kawai. Abin da ke kashe shi wuta ce, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin haka.

Inna tana kan dardumarta tana jan carbi, ashe tana sauraro. Ta ce, “To ai wannan ba sabon labari ba ne. Ba da ganyen gwanda ake naɗe nama mai tauri ya yi laushi ba? Abin da ya iya naman tsohon sa, nono zai gagare shi?” Auta ya ce ai daidai ne, aiki ɗaya ne, ya ƙara da cewa Fulanin Kwara da na Jamhuriyar Benin da ruwan ganyen tumfafiya suke daskarar da madara su yi cuku. A rugar iyayenta Inna ta tashi, ta san nono tun tana tallarsa a ƙwarya. Sai ta ɗora da abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta ce wanda na sayo ɗin ma ba shi da jiki, tsala ce aka sa wa sukari. Idan ina son abin da zai ɗauki kaya a kansa, sai kindirmo, kuma in kwantar da shi da hannuna.

Ban sake gwadawa ba sai da aka shiga goman ƙarshe, lokacin mangwaro ya wadata. A wannan karon aikin tun dare ya fara.

Bayan an sauko daga asham na auna madarar gari gram 400, mai cikakken maiƙo. A nan akwai abin lura. Madarar da ake aunawa a buhu a kasuwa, da yawanta an cire mata man shanunta an maye gurbinsa da man tsirrai. Tana yin yogot, amma ba ta ba da ƙamshin nan na kindirmo. Na dama ta da ruwa lita 2 har babu gudaji, na ɗora a wuta kaɗan ina juyawa da ludayi don kada ta kama. Ba a barin ta ta tafasa ta yi bori. Da ta fara tururi sosai, ƙananan kumfa suka jeru a gefen tukunya, wato wajen digiri 85 ke nan, na rage wuta na bar ta a haka minti goma. Na tambayi Auta amfanin wannan tunda madarar gari ce da aka riga aka sarrafa, ya ce zafin yana sauya wani ɓangare na furotin ɗin ta yadda zai riƙe ruwa, yogot ya fito da kauri. Wanda zai yi da madarar shanu sabuwar tatsa kuwa, dafawar ta zama dole, saboda cututtuka irin su tarin fuka da ke iya biyo ɗanyar madara.

Sai jiran hucewa. Ana son ta sauko zuwa digiri 43 ko 45. Ba ni da ma'aunin zafi, Inna kuwa ba ta taɓa buƙatarsa ba. Ta ce in wanke hannu da sabulu, in tsoma ƙaramin yatsana in ƙirga goma. Idan na cire kafin goma, da saura. Idan na kai goma ina jin ɗumi mai ratsa fata amma ba ya ƙona, ta yi. Na zaunar da tukunyar a baho mai ruwa don ta yi saurin sauka, na gwada sau uku kafin ta kai.

Iri shi ne ran abin. Cokali huɗu na yogot marar zaƙi, wanda ƙwayoyinsa ke da rai, na dama da ɗan ludayin madarar mai ɗumi sannan na juye a tukunya na gauraya a hankali. Irin yogot ɗin da ke zama a kanta wata da watanni ba tare da firij ba, an dafa shi bayan an yi shi, ƙwayoyin sun mutu, ba ya zama iri. Ƙwayoyin nan iri biyu ne, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus. Sukarin da ke cikin madara suke ci su mayar da shi tsami, tsamin ne kuma ke sa madara ta yi barci. Kindirmo mai kyau na 'yar Fulani ma yana yi, sai dai tsaminsa ya fi fita, kuma kowace ƙwarya da halinta. Ban sa sukari ba ko kaɗan. Na juye a kula wadda na ɗauraye da tafasasshen ruwa, na rufe, na lulluɓe da tawul, na kai lungun da babu mai wucewa. Inna ta ja mini kunne: “Kada ki buɗe, kada ki jijjiga. Mai barci ba a tashinsa.” Ƙarfe goma na dare ne lokacin.

Ƙarfe huɗu da rabi, ana cikin sahur, na ɗaga murfin. Har yanzu ina tuna farin cikin da na ji. Ya kwanta sumul, na karkata kular ya motsa gaba ɗaya kamar hanta, ƙamshinsa mai ɗan tsami ya bugo ni. Awa shida da rabi ya ishe shi saboda zafin garin. A lokacin sanyi yakan kai awa takwas ko fiye. Idan kuma aka bar shi ya zarce a zafi irin na Afrilu, tsami zai yi yawa ya fara fitar da ruwa. Abu na farko da na yi shi ne ɗebe cokali huɗu a ɗan kwano mai murfi, na ɓoye a can ƙuryar firij.

Abin da masu shago ke kira yogot ɗin Girka ba wani asiri ba ne, tacewa ce. Na shimfiɗa farin ƙyallen da nake tace kamu da shi, wanda na dafa a ruwan zafi tukuna, a kan rariya, na ɗora rariyar a kan kwano mai zurfi, na juye yogot ɗin a ciki ba tare da na motsa shi ba, na sa duka a firij. Ruwa ya riƙa ɗiga, garai-garai mai ɗan kore-kore. Zuwa ƙarfe tara na safe, abin da ya rage a ƙyalle ya ɗara lita ɗaya da kaɗan, na tsayar da cokali a ciki ya tsaya. Ruwan ban zubar ba, da shi na kwaɓa fanke da yamma.

Da hantsi muka nufi 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, a kan titin Zariya, inda manyan motoci ke sauke kayan marmari daga Binuwai da kudancin ƙasa. Ina son kasuwar nan duk da cunkosonta. Ƙamshin lemo da na mangwaro da na ganyen ayaba da ya sha rana duk sun cakuɗe a iska. Na tsaya wurin wani dattijo mai abarba na ce, “Malam, mai zaƙi nake so, ta yau.” Ya ce, “Hajiya, ki bar kallon launi, ki sa hanci.” Ya juya mini gindinta na shinshina. Wadda ta nuna ƙamshinta a nan yake fita, wadda ta zarce kuma warin tsami take yi. Ya zaɓo mini 'yar Kwatano, doguwa mai tsini, bayanta kore amma cikinta fari-fari, zaƙinta ya fi tsaminta. Na ce ko in ɗauki wadda ba ta gama ba in ajiye? Ya girgiza kai ya ce abarba idan an yanke ta daga uwarta ta gama ƙara zaƙi, sai dai ta yi laushi ta ruɓe. Gaskiya ya faɗa. Mangwaro da gwanda da ayaba suna ci gaba da nuna a ɗaki, abarba kuwa yadda aka ciro ta haka zaƙinta zai tsaya.

Mangwaro iri biyu na saya. Fafaranda guda uku masu tsoka, don yankawa, da ƙananan binta siga guda shida waɗanda suka nuna luɓus, don in matse ruwansu. Gwanda ƙarama wadda ta yi ja har ciki, ayaba nono ɗaya, kwakwa ɗaya, lemon tsami uku. Kankana na wuce ta ina kallo. Ina son ta, amma ruwa ce zalla, wurinta faranti daban. Tsofaffi kan ce wa gwandar nan gwandar Masar, don bambanta ta da gwandar daji da suka sani tun farko, domin ita baƙuwa ce, asalinta tsakiyar nahiyar Amurka. Abarba daga Kudancin Amurka ta fito, mangwaro daga yankin Indiya. Duk baƙi ne da suka zauna har suka zama 'yan gida, kuma na fi yarda da su a kofin Inna a kan tuffar da ta sha doguwar tafiya a jirgin ruwa.

Muna dawowa aka ɗauke wuta. Hankalina ya tashi saboda yogot ɗin. Abincin madara ba a son ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 ma awa ɗaya ce, mu kuwa a ranar mun haura 40. Na aiki yaro ya sayo ƙanƙara manya biyu, na juye yogot ɗin a roba mai murfi, na binne shi a tsakiyarsu cikin babbar kula tare da ɗan kwanon irin, na hana kowa buɗewa.

Bayan azahar na yi barbaɗin sama, wanda ake kira giranola. Ba ni da tanda, a kasko na yi. Ots, hatsin nan na Turawa da ake damawa kamar kunu, kofi biyu, rabin kwakwar da na goge, soyayyar gyaɗa rabin kofi da na ɗan farfasa a turmi, riɗi cokali uku. Na fara gasa ots ɗin shi kaɗai a busasshen kasko, wuta can ƙasa, har ya fara ƙamshi, sannan kwakwa da riɗi, saboda su ba sa jimirin wuta. Na narka man shanu cokali biyu da zuma cokali huɗu da ɗan gishiri da garin citta kan cokali, na kwarara a kai, na ci gaba da juyawa wajen minti goma. Zuma tana saurin ƙonewa, idan aka ɗauke ido kaɗan sai ɗaci, don haka ko sallamar maƙwabciya daga tsaye na amsa. Da ya yi ruwan zuma na baza a faranti. Yana da zafi laushi gare shi, kada a ruɗu a mayar da shi wuta. Sai ya huce yake yin ƙaras-ƙaras. Ƙamshinsa ya tuna mini da kantu da alawar gyaɗa. Na rufe shi a kwalba, nesa da duk wani abu mai ruwa.

Sai abarbar. Na fere ta, na ƙwaƙule idanuwan, na cire zuciyar, na yanka ƙanana kamar ƙwayar gurjiya. Na zuba a tukunya da sukari cokali biyu da kanumfari guda biyu, babu ruwa, domin da kanta take fitar da nata. Ta tafasa na bar ta minti takwas ina juyawa, har ruwan ya ja ya yi danƙo, launin ya koma kamar zinariya. Na tsame kanumfarin na bar ta ta huce sarai kafin ta shiga kular ƙanƙara. Na so in tabbatar da maganar Auta da idona, sai na ɗebi yogot a ƙananan kofuna biyu, ɗaya na sa masa dafaffiyar, ɗaya na sa yanka biyu na ɗanyar da na rage. Na ajiye su gefe har dare. Bayan isha'i na ɗanɗana. Mai ɗanyar ya tsinke ya yi ɗacin nan da na sani, mai dafaffiyar yana nan yadda na bar shi.

Gwanda ba ta son dafuwa, narkewa take yi ta rasa ɗanɗano. Dabararta ita ce a zaɓi nunanniya sosai, a yanka a kan kari, a sa ta can sama, a kuma cinye nan take. Binta sigar na murza su a tafin hannu har suka yi ruwa a cikin ɓawonsu, kamar yadda muke yi muna yara, na matse a rariya don zaren ya tsaya. Abin da ya sauka kauri gare shi kamar kunu, zaƙinsa kuma ya sa ban nemi sukari ba. Fafarandar na yanka gida-gida na bar ta a kan rariya ta tsane. Ban barbaɗa wa ko ɗaya sukari ba, domin sukari yana jawo ruwan 'ya'yan itace waje, wannan ruwan ne kuma ya taru a ƙasan kofunana na farko. Ayaba ita ce ta ƙarshe, da ɗigon lemon tsami don kada ta yi baƙi.

Ana la'asar Inna ta leƙo madafa, abin da ba ta cika yi ba. Ta ɗauki ɗan giranola ta murza a yatsa ta ce wannan na masu haƙori ne. Ta ce in aika a sayo fura. Na tsaya ina kallonta, ta ce, “Me kike haɗawa in ba fura da nono ba? Kwalliya kawai aka yi mata.” Na ga kuwa haka ne. Hatsi da nono da zaƙi, abin da muka tashi da shi ke nan, shi ne kuma mutanen zango a Ghana ke sayarwa a gora da sunan burkina. Aka sayo fura ƙwallo biyu, mai citta da kanumfari, ba mai barkono da yawa ba. Na marmasa ta da cokali mai yatsu, na ɗan jiƙa da yogot cokali biyu don kada ta shaƙe ta.

Duk wannan aikin na dare da yini, haɗawar kanta minti goma ce, kuma a nan ne na yi kuskure a karon farko. A ranar ban taɓa kofi ba sai shida da rabi, saura kaɗan a kira magariba. Na jera tambulan shida na gilashi a faranti. Na motsa yogot ɗin da zuma cokali uku har ya yi santsi. Jaririyarmu ba ta kai shekara ba, ita ba a ba ta zuma, don haka na ɗebe mata nata fari tun kafin in zuba.

A kofin Inna fura ce a ƙasa, a na saura giranola cokali biyu. Sai yogot, ana sauke shi da cokali a tsakiya a tura shi gefe a hankali, don kada ya shafe jikin gilashin. Sai dafaffiyar abarba da ɗan danƙonta. Yogot kuma. Sai ruwan binta siga, wanda ya kwanta a kan farin bai nutse ba, a nan na san tacewar ta yi amfani. Yankakkiyar fafaranda da ayaba a kansa, yogot na ƙarshe ɗan kaɗan, gwanda a sama, sannan giranola da sauran kwakwa. Na lura wanda ke ƙasa yana shan ruwan yogot ya yi laushi cikin minti kaɗan, na sama kuma yana nan da ƙarfinsa, sai cokali ɗaya ya haɗo laushi da ƙaras. Ni na fi son haka. Maigidana ya fi son duka a sama, daga baya haka nake yi masa. Ana goge bakin kofi da ƙyalle mai tsabta, shi ke nan.

Da na ɗaga kofi ɗaya a hasken yamma da ke shigowa ta taga, hawan nan duk suna tsaye, kowanne da iyakarsa. Ladan ya ɗauki kira ina cikin jera cokula.

Inna ta buɗe baki da dabino da ruwa kamar kullum, ta yi sallah, sannan ta jawo kofinta. Ina gefe ina zuba kunu amma idona na kanta. Ta nutsa cokali har ƙasa ta ɗebo, ta tauna a hankali. Ba ta ce komai ba, ta sake ɗebowa. Yara suna ta gardamar wa ya fi samun mangwaro, Auta yana tambaya ko akwai ƙari, ita kuwa tana ci a natse har na ji ƙarar cokali a gindin gilashi. Ta karkata kofin ta kwalfe sauran furar da ta jiƙu da ruwan abarba. Rabonta da gama abin da aka sa mata a gaba tun kafin azumi.

Ta ajiye kofin ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Zumar ta ɗan yi yawa, gobe ki rage cokali ɗaya, mangwaron ya isa.” Na ce to, Inna. Na fara tattara kwanuka, har na kai bakin ƙofa ta sake kirana.

“Kin dai ɗebe iri ko?”

Na ce tun da sahur, yana cikin ƙanƙara. Ta gyaɗa kai ta ɗauki carbinta. Bayan asham na sake auna madara, na ɗora tukunya a wuta.